Geron da Ruwa Ya Taɓa

Sunan mijina Haladu. Shekara goma sha tara muna tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, Malam nake ce masa. Yau ne na rubuta shi a takarda don a san wanda nake magana a kansa. Ni kuma Zinariya. Karatuna aji huɗu ne na firamare a Dudunni, sai Islamiyyar matan aure da na yi a nan Kankia. Abin da na tuna shi zan faɗa, yadda ya zo mini.

Malam hatsi yake sayarwa, gero da dawa. Shagonsa yana bakin kasuwa, ginin ƙasa ne mai rufin soro irin na da. Ya rasu ana saura 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka, ciwon kwana shida, ya bar ni da ɗiya mata uku. Na shiga takaba. Shagon kuwa Gajere ya ci gaba da buɗewa, wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana yi wa Malam awo. Da abin da shagon yake kawowa muke ci, da shi yaran suke zuwa makaranta. Ba mu da gona a Kankia, ba mu da komai sai shi.

Akwai wani aiki da Malam yake yi duk shekara. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ari tsani ya hau soron shagon, ya cire ciyawa da ledojin da suka toshe indararo, ya yaɓe inda ya tsage. Ba ya sa kowa, ba ya gaya wa kowa. Ni dai abin da na sani, ya dawo da laka a gwiwar wando in yi ta faɗan wanki. A shekarar nan babu wanda ya hau. Gajere ƙafarsa ba ta hawa tsani, ni kuma ina ɗaka ina kuka, ko sau ɗaya indararo bai faɗo mini a rai ba.

Ina da wata biyu da kwana tara cikin takaba aka yi ruwan. Ya fara bayan sallar asuba, bai ɗauke ba sai da aka kira azahar. Ruwa ya taru a kan soron ya rasa mafita, ya zauna har ƙasa ta jiƙe, azara ta gaji. Kusurwar gabas ta rufta a kan buhuna.

Gajere ne ya zo ya yi sallama a zaure. Daga jin muryarsa na san ba lafiya.

"Uwargida, soro ya faɗa."

"Wane soron?"

"Na shago. Dawar da ke yamma ba abin da ya same ta. Gero kuwa, buhu tara, duk sun sha ruwa. Na kira Mamuda a waya, shina hanya."

Mamuda yayan Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a Kusada. Tun da Malam bai bar ɗa namiji ba, yana da kaso a gadon, kuma shi ne babba a dangi. Ya iso da la'asar a kan mashin, ya fara biyawa ta shago, sannan ya shigo gida. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon gefe, ni ina daga bakin ƙofar ɗaki.

"Zinariya, na je na gani. Abin da Allah Ya ƙaddara ya faru. Na lulluɓe buhunan da tampol don kar ruwa ya ƙara dukansu, na rufe ƙofa, na karɓi makulli a hannun Gajere. Ranar kasuwa zan zo da wani mai kiwon shanu daga Mawashi ya kwashe geron a yadda ya saya."

"Shagon fa, Yaya?"

"Shago ya ƙare. Mai shi ya tafi, rufinsa ya bi shi. In kin fita takaba sai a raba abin da ya rage, ki kwashi yaran ku dawo Kusada. Ba za ku rasa tuwo a gidana ba."

Ba mugunta yake nufi ba, na sani, shi ma idonsa ja ne tun ranar da aka kai ƙanensa. Amma bayan ya tafi, kalma ɗaya ta tsaya mini a rai: tampol.

Yaya Mamuda ya san gero a gona, ya san shi a rumbu, ya san shi a buhu. Busasshen gero ya sani. Jiƙaƙƙen gero kuwa mata ne suka san halinsa, mu da muke jiƙa shi a roba tun muna yara. In ka jiƙa gero ka rufe shi, kwana ɗaya zai ɗau zafi, kwana biyu ya fara tsiro, na uku ya yi funfuna. Kasuwa saura kwana uku. Shi a ganinsa ya kare buhunan daga ruwa, bai san dafa su ya yi ba.

Washegari da safe na shiga neman makulli. Na san Malam yana da na biyu a aljihun rigar da yake zuwa kasuwa da ita. Rigar tana rataye a ƙusa tun ranar da ya cire ta ya ce jikinsa ba daɗi, ban taɓa ta ba. Da na sa hannu a aljihun, ƙaiƙayin gero ya tashi, ƙanshinsa ya buge ni. Na ciro makulli, da ɓarin goro da ya bushe ya zama kamar dutse, da shaidar haƙorinsa a jiki. Na zauna a ƙasa na yi kukana har ya ishe ni. Sannan na tashi na ɗauki hijabi.

Ina fitowa na ci karo da Adda Hawwa a zaure, da ƙwarya a kanta. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan Bauranya, tana tallan fura da nono, kuma duk mako a wurin Malam take awon geron fura. Ta zo yi mini jaje. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ina zuwa, mai takaba?"

"Shago."

"Shago? Ke kuwa kin san garinku?"

"Na san shi, Adda. Malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu cewa mai takaba tana fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana ɗakinta. Ba ado na yi ba, ba biki za ni ba. Abincin marayu ne yake ruɓewa."

Ta sauke ƙwaryar ta ajiye a kusurwar zaure. "To mu je. In za a zage ki, a haɗa da ni. Ni na saba, kullum ana cewa na zuba wa nono ruwa."

A littafi ya halatta, amma a unguwarmu ba a yi. Mai takaba ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Mun bi ta gaban mai shayi, hira ta tsaya cak. Wata tsohuwa da ke shara a ƙofar gidanta ta daina, ta ce da ƙarfi don in ji, "Ko wata uku bai yi a ƙasa ba." Adda ta riƙe hannuna ta ce, "Kalli gabanki."

Gajere yana zaune a dakalin shagon da aka rufe, kamar wanda aka kora daga gidansu. Da ya ga makulli a hannuna ya miƙe.

"Uwargida, Mamuda fa ya ce kar a taɓa."

"Na ji shi. Buɗe."

Muna tura ƙofa wani tsami ya tare mu. Ta kusurwar gabas ana hango sama. Na kama bakin tampol na yaye, zafi ya taso kamar an buɗe tukunya. Na kwance buhu ɗaya na cusa hannu har gwiwar hannu, sai da na zare shi da sauri.

"Gajere, sa hannunka."

Ya sa, ya ce, "La ilaha illallahu. Wuta ce a ciki."

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu na ƙasa, waɗanda ruwan kwata ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa, sun riga sun yi baƙi suna wari. Adda ta shinshina ta tofar da yawu, ta ce ko saniyar maƙiyinta ba za ta ba wannan ba. Muka ce a kai su bola. Huɗu na gefe ruwan bai ratsa su sosai ba, in an shanya za su dawo. Uku na tsakiya, inda soron ya faɗo, sun sha ruwa sun kumbura, ga laka da yashi a ciki. Waɗannan ba sa shanyuwa.

Gajere ya ce, "Ukun nan kam sai shanu."

Na ce, "Mi ya sa? Mai koko da ta sayi gero, mi take fara yi masa?"

Ya ce, "Jiƙawa."

"To Allah Ya jiƙa mana. Saura wanki da markaɗe."

Abin da na yanke ke nan: buhu ukun nan za su zama gasara, ƙullun gero da ake tacewa a matse a yi koko da shi. Gajere ya samo masu baro, muka sallame su da tiyar dawa, suka kwashe buhu bakwai zuwa gida.

Ni kaɗai ba zan iya ba. Na aika gida-gida. Matan da suka leƙo ta katanga suna kallona da safe, su ne suka zo da robobi da ƙore da rariya. Wasu don taimako, wasu don su ga abin da za su faɗa gobe. Ban tambayi kowa dalilinta ba, duk wadda ta shigo na miƙa mata ƙwarya. Aikin farko rege ne, a zuba gero a ruwa a riƙa juya ƙwarya a hankali har yashi ya kwanta a ƙasa. Ƙasar soro ce a ciki, sai da muka rege kowane kwano sau uku. Ruwa dai ba mu rasa ba, duk randa da duro a cike suke da na sama. Wadda ta ce mini ko wata uku bai yi a ƙasa ba, ita ma ta zo, kuma ta fi kowa iya rege. Ba ta yi mini magana ba, ban yi mata ba.

Muka zuba citta da kanumfari da masoro, Gajere ya riƙa kai bokitai injin markaɗe yana dawowa. Duk dawowar da zai yi sai Adda ta tsokane shi.

"Gajere, bokiti ya fi ka tsawo, kar ka faɗa ciki mu tace da kai."

"Ke dai riƙe rariya, Bafillatana. Yau kin ga inda ake zuba ruwa ba a ɓoye ba."

Ranar ce na fara jin dariya a gidan tun rasuwar. Ni ban yi ba, amma ban hana ba.

Buhu huɗun shanya su ne suka ba ni wahala. Damina ce, rana ba ta fitowa ta daɗe. Na shimfiɗa tabarmi a ɗakina, a ɗakin yara, a zaure, har a madafa, duk bai isa ba. Saura ɗaki ɗaya, turakar Malam, wadda na rufe tun ranar da aka fitar da shi. Na daɗe a tsaye a ƙofar. Da na buɗe, ga buzunsa a shimfiɗe inda ya bar shi, ga butarsa, ga takalminsa na sallar Juma'a. Na naɗe buzun, na jingine katifar a bango, na share ƙasa, na baza gero daga ƙofa har ƙurya. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, kayanka ne na kawo maka." Na sa gawayi kaɗan a kasko na ajiye a tsakiya. Bayan kowace salla in shiga in juya geron da hannu, in fito.

Kwana biyu muka yi a haka. Gasara ta kwanta a robobi, muka tsiyaye ruwan, muka zuba ta a wankakkun buhuna muka ɗora duwatsu ta tsane. Dusar da ta fita Adda ta kwashe wa shanunta. Yatsuna suka yi fari suka tsattsage. Geron shanya ya bushe, amma ya rasa hasken nan na sabon gero, ya ɗan yi duhu.

Gajere ya ɗebo a tafin hannu ya duba, ya rage murya.

"Uwargida, akwai buhu ɗaya mai kyau a wurin maƙwabcinmu. In aka gauraya, wallahi ba mai ganewa. Kowa haka yake yi."

"Malam yana yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ya yi."

"To a faɗa wa kowa ruwa ya taɓa shi, a rage masa kuɗi. Wanda ya ga zai iya ya saya."

Ranar kasuwa na fita tun da hantsi. Cikin shagon ba ya zaunuwa, ƙasa duk laka ce, kuma muna tsoron sauran rufin. Sai muka kafa sanduna a ƙofar shagon muka ɗaura tampol ɗin Yaya Mamuda ya zama rumfa. Dawa a gefe guda, geron shanya a gefe guda, gasara dunƙule-dunƙule a faranti an rufe da farin ƙyalle. Ƙofar shagon kuwa na ce a bar ta a buɗe, kowa ya ga ramin da ke sama, kowa kuma ya ga ba a rufe ba. Na zauna a kan benci daga baya, Gajere yana awo, Adda ta ajiye ƙwaryarta a gefenmu tana kiran mutane kamar kayanta ne.

Masu koko ne suka fara zuwa, don labari ya riga ya kai musu. Wata ta gutsura ta ɗanɗana ta ce, "Ba yashi?"

Na ce, "In kin ji yashi ki dawo mini da ita."

Ta ɗauki biyar. Geron ma ya fara tafiya, tiya ɗaya, tiya biyu. Masu kaji sun saya, masu gida da yawan baki sun saya. Wani ya duba ya ce ba ya so, ya wuce, ban ji haushinsa ba.

Wajen sha ɗaya sai ga Yaya Mamuda a kan mashin, a bayansa wata tsohuwar a-kori-kura da mai kiwon shanun a gaba. Ya kashe mashin ya tsaya yana kallon rumfar, ya kalli ƙofar da ke buɗe, sannan ya gan ni. Fuskarsa ta sauya.

"Zinariya. Ke ce a nan?"

"Ni ce, Yaya. Sannu da zuwa."

"Wa ya buɗe shagon nan?"

Gajere ya buɗe baki, na riga shi. "Ni na buɗe, da makullin Malam."

"Ina buhunan?"

"Biyu suna bola. Sauran ga su a gabanka."

Mai kiwon ya sauko ya leƙa cikin shagon ya ga wayam. Ya ce, "Mamuda, wannan ne geron da ka ce ya lalace? Ka sa na ƙona mai tun daga Mawashi?"

Adda ta ce, "Sayi gasara ka kai wa iyali, kar ka koma hannu biyu."

Mutane suka yi dariya, abin ya ƙara ɓata wa Yaya rai. Ya matso kusa ya rage murya.

"Kin san abin da kika ja mana? Za a ce mun bar matar ƙanena a kasuwa da takaba a kanta. Za a ce Mamuda ya kasa riƙe gidan ɗan'uwansa. Tashi ki tafi gida, ki ba ni makullin nan."

Na miƙe tsaye.

"Yaya, kai ne babba, ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Da na bi maganarka, da yau buhu tara suna bola. Ba laifinka ba ne, ba ka taɓa jiƙa gero ba. Kasonka na gado yana nan, ranar da malamai suka zauna ko tsinke ba zan riƙe maka ba. Amma makullin nan ba zan ba ka ba. Ƙofar nan ba za a rufe ta ba ina da rai."

"Ɗakin da ba rufi kike kira shago?"

"Mutane suna saye, ai shago ne."

"In wani ruwan ya zo fa?"

"Mu kwashe mu shiga gida, in ya ɗauke mu fito."

Ya juya wurin Gajere. "Kai ma da girmanka ka biye mata?"

Gajere ya ce, "Ni ma'auni ne, Mamuda. Inda aka buɗe nan nake awo."

Yaya Mamuda ya matso wurin awon. Ya ɗebi geron shanya a hannu ya murza, ya kai hanci, ya mayar. Na ga idonsa ya tsaya a kan tiyar Malam da ke hannun Gajere, wadda bakinta ya lotse, ya yi saurin kawar da kai. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗaya makullin, wanda ya karɓa a hannun Gajere, ya jefa shi cikin farantin gasara.

"Na cire hannuna. Duk abin da ya biyo baya, ke kika saya."

"Na saya, Yaya. Ka gaida mutanen gida."

Ya tada mashin ya tafi, a-kori-kurar ta juya ta bi shi babu komai a bayanta.

Na koma na zauna. Adda ta tsamo makullin daga cikin faranti ta goge shi da bakin zanenta ta miƙo mini, na haɗa shi da na Malam na ɗaure a haɓar zanena. Wata mata tana tsaye tun ɗazu da kwano a hannu tana jiran a gama.

Ta ce, "Ana sayarwa ko an tashi?"

Na ce, "Ana sayarwa. Ruwa ya taɓa shi, ki duba da kyau kafin a auna miki."